Kuɗin jingina a kirifto: abin da manhajar bibiya ke gani da abin da ke kuɓuce mata

Duk manhajar bibiyar kadarar kirifto, ko CoinStats ce ko Zerion ko Koinly, abin da take fara nuna maka idan ka buɗe ta shi ne jimilla ɗaya da manyan lambobi, a dala. Idan duk abin da ka mallaka yana zaune a walat ba ya motsi, wannan jimillar ta wadatar. Da zarar ka shiga abin da 'yan kirifto ke kira sitakin, wato ka jingina sulallanka a tsare bulokcen, kundin da ke riƙe ma'amalolin sulan, da su a riƙa biyanka lada, jimillar ta zama abin tuhuma. Kuɗinka a lokacin yana cikin ɗayan hali huɗu: akwai wanda ke hannu, akwai wanda ke jingine, akwai ladan da ya taru ba ka karɓa ba, akwai kuma wanda ka nemi fansa yana kan hanyar dawowa. Manhaja takan zuba su duka a mudu ɗaya, ko ta manta da ɗaya ko biyu ɗungurungum. Na hannu kana iya sayar da shi cikin minti guda. Na kan hanya a wasu bulokcen sai ka jira mako uku, wani lokaci fiye da haka.

Waɗanda suka jingina LUNA, sulan bulokcen ɗin Terra, sun ga wannan bambancin da idonsu a watan Mayun 2022. Dokar bulokcen ɗin Terra ita ce sai an jira kwana 21 kafin jingina ta dawo hannun mai ita. Farashin LUNA ya faɗo daga wajen dala 80 zuwa ƙasa da santi ɗaya cikin kusan mako guda. Manhaja tana nuna musu dukiya na narkewa, su kuwa hannunsu a ɗaure.

Saboda haka kafin a yi maganar wace manhaja ce ta fi, sai an fara sanin yadda ita kanta jinginar ke aiki, domin yawancin kurakuran lissafi daga can suke tasowa.

Yadda ake cimma matsaya da jingina

A Bitcoin, wanda ke son rubuta sabon bulo, wato sabon shafin ma'amaloli, sai ya ƙona lantarki da injinan haƙa. A tsarin hujjar jingina, wanda ake taƙaitawa da PoS, kuɗi yake ajiyewa a matsayin beli. Idan ya yi gaskiya a biya shi, idan ya yi ha'inci a zaftare abin da ya ajiye. Peercoin ce ta fara aiki da wannan dabara a 2012, amma babban gwajin shi ne na Ethereum. Ta kunna Beacon Chain, sashenta na jingina, ranar 1 ga Disamba 2020, ta bar haƙa gaba ɗaya ranar 15 ga Satumba 2022, lantarkin da take ci ya ragu da kusan kashi 99.95 cikin ɗari. Waɗanda suka jingina tun farko ba su sami ikon cire ko ƙwandala ba sai bayan sabuntawar Shapella ta 12 ga Afrilu 2023, wato sun yi sama da shekara biyu suna kallon kuɗinsu ta taga.

A Ethereum, mai tantancewa, wato wanda na'urarsa ke tabbatar da bulo, yana ajiye aƙalla ETH 32, sulan Ethereum ke nan. An yanka lokaci gurbi-gurbi, kowane gurbi daƙiƙa 12, gurbi 32 kuma su ne zango ɗaya, minti 6.4 ke nan. A kowane gurbi ana zaɓar mutum ɗaya ya kawo bulo, sauran kuma kowa yana ba da shaida sau ɗaya a zango, yana cewa ga bulon da ya gani a kan gaba. Idan masu kashi biyu bisa uku na dukkan jinginar suka yarda a zango biyu a jere, an buga hatimi, bulon ba ya sake juyawa sai an yi asarar aƙalla kashi ɗaya bisa uku na duk abin da aka jingina. Wannan yakan ɗauki kusan minti 13. A nan ne kuma za ka gane dalilin da ya sa hankalin mutane ya tashi a 2023 lokacin da Lido, wadda ke tara ETH ɗin mutane ta jingina a madadinsu, ta kusa riƙe kashi ɗaya bisa uku: wanda ya kai wannan adadin, idan ya ƙi ba da shaida, hatimi ya tsaya.

Hatimin ya taɓa tsayawa kuwa, ranakun 11 da 12 ga Mayu 2023, na farko kusan minti 25, na biyu sama da awa ɗaya, saboda matsala a wasu manhajojin tantancewa. Bulo bai daina fitowa ba, ciniki bai tsaya ba. Idan aka wuce zango huɗu babu hatimi, tsarin yakan fara tsiyayar da jinginar waɗanda ba sa ba da shaida har sai masu aiki sun koma kashi biyu bisa uku.

Tara iri biyu ce, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko ta rashin zuwa aiki: idan na'urarka ta mutu kwana ɗaya, abin da za a cire maka bai wuce kusan abin da za ka samu a kwana ɗaya ba. Ta biyu ita ce zaftarewa, kuma laifinta baki biyu ne: ka sa hannu a bulo biyu daban a gurbi ɗaya, ko ka ba da shaida biyu masu karo da juna. Wanda aka kama, za a kore shi, ya jira kwana 36 kafin ya ga ragowar kuɗinsa. Tarar farko a da kusan ETH 1 ce, sabuntawar Pectra ta watan Mayun 2025 ta rage ta zuwa kashi ɗaya bisa 4,096 na jinginar. Tara mai ciwon tana zuwa a rana ta 18, inda ake duba mutum nawa aka zaftare a tsakanin wannan lokacin. Idan kai kaɗai ne, kusan babu komai. Idan kashi ɗaya bisa uku ne suka faɗa tare, jinginar duka ta tafi.

Abin mamakin shi ne yawancin waɗanda aka zaftare ba ɓarayi ba ne, masu tsantseni ne. Mutum yana tsoron na'urarsa ta mutu, sai ya ajiye wata ta ko-ta-kwana da makullin sa hannu iri ɗaya. Ranar da su biyun suka farka tare, kowacce ta sa hannu a abin da ta gani, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A watan Fabrairun 2021 an zaftare masu tantancewa 75 na kamfani ɗaya saboda kuskuren saiti irin na wannan dangin. Idan za ka ƙaura daga wata na'ura zuwa wata, ka kashe tsohuwar, ka goge makullin daga cikinta, ka kwafi kundin tarihin sa hannu zuwa sabuwar, ka jira zango biyu ko uku har ka ga a shafin bincike na beaconcha.in cewa ka fara rasa shaida, sannan ka kunna. Rasa shaidar minti 20 ba ta kai kuɗin da za ka lura da shi ba.

Kowane bulokcen da salon biyansa

A nan gizo ke saƙa ga mai lissafi. Manhajar bibiya tana karanta jerin ma'amalolin da suka shiga adireshinka da waɗanda suka fita. Ladan jingina kuwa sau da yawa ba ya zuwa a matsayin ma'amala.

Ɗauki mai tantancewa na Ethereum. Kuɗinsa ta ƙofa uku yake shigowa. Ladan shaida da na kawo bulo yana taruwa a Beacon Chain, kuma idan shaidar cirewarsa, wato lambar da ke nuna inda za a tura masa kuɗi, ta fara da 0x01, duk abin da ya haura ETH 32 ana share shi zuwa adireshin cirewa ba tare da ya nema ba. Kowane bulo yana ɗaukar cirewa 16 kawai, bulo 7,200 a rana, 115,200 ke nan, don haka idan masu tantancewa sun kai miliyan ɗaya zagayen yakan ci kwana takwas zuwa tara. Wannan cirewar ba ta da kuɗin gas, wato kuɗin aikin da ake biya kan kowace ma'amala, ba ta da mai aikowa, kuma a Etherscan, inda ake binciken ma'amalolin Ethereum, shafinta daban. Manhajar da ba ta san da ita ba za ta ga ETH ya ƙaru a walat ba ta san daga ina ba, ko ta ƙi ƙirga shi, ranar da ka sayar ta ce ka sayar da abin da ba ka da shi. Ƙofa ta biyu tukuicin da masu ciniki ke ƙarawa a kan gas, wanda ke shiga adireshin karɓar kuɗin aiki kai tsaye, shi ma babu ma'amala. Ta uku, ga mai amfani da MEV-Boost, manhajar da ke sayar wa wani damar gina bulon a madadinsa, kuɗin da maginin bulo ke turowa, kuma wannan kaɗai ne ke zuwa kamar turi na yau da kullum. Wanda ya koma shaidar cirewa ta 0x02 bayan Pectra, ladansa yana hawa kan uwar kuɗi har zuwa ETH 2,048, ba a share masa komai sai ya nema da kansa. Shi walat ɗinsa shiru, dukiyar tana can tana girma inda manhajar walat ba ta leƙawa.

Abin lura a gefe: adireshin cirewa sau ɗaya ake sa shi, ba a canzawa. Wanda ya sa adireshin wani dandalin musaya, ko walat ɗin da kalmominsa na sirri suka fita, ya ɗaure kansa.

Cardano salonta daban. Wakilta ADA ga tafkin jingina ba ya kulle komai, kana iya kashe kuɗinka a kowane lokaci, kuma babu zaftarewa. Zango kwana 5 ne, ladan farko yakan iso bayan kwana 15 zuwa 20, saboda sai an ɗauki hoton jinginar, tafkin ya yi aiki da ita, a lissafa, sannan a biya. Akwai ajiyar ADA 2 ta rajistar makullin jingina, wadda ake mayar maka ranar da ka soke rajistar, kuma manhajoji da yawa suna rubuta ta a matsayin kuɗin da aka kashe. Ladan yana taruwa a adireshin da ya fara da stake1. Idan adireshin addr1 guda ɗaya ka liƙa wa manhaja, za ta ga wani yanki ne kawai na kuɗinka, domin walat ɗin Cardano yakan rarraba canji zuwa adireshi da yawa. Ka ba ta na stake1 idan tana karɓa.

A Cosmos Hub, fansa kwana 21 ce, kuma a cikin waɗannan kwanakin babu lada. Mai tantancewar da ka wakilta idan ya yi baki biyu, ana zaftare kashi 5 cikin ɗari, har da naka. Idan rashin zuwa aiki ne ya yi yawa, kashi 0.01 ne. Lada ba ya hawa kan uwa da kansa, sai ka karɓa ka sake jinginawa, kuma kowane ƙari ko ragi da ka yi wa jinginarka a wurin mai tantancewa yana sakin ladan da ya taru zuwa walat a cikin ma'amalar guda. Manhajar da ta karanta ma'amalar a matsayin "jingina" kawai ta tsallake ladan. Kana iya ƙaura daga wani mai tantancewa zuwa wani nan take, amma abin da ka ƙaurar ba ya sake ƙaura sai bayan kwana 21.

A Solana jingina tana zaune a asusu na daban mai adireshinsa, wanda walat ɗinka ke da iko a kansa. Manhajar da ta duba adireshin walat kaɗai za ta nuna maka SOL ɗin da ka bari na gas ta ce shi ke nan. Zango kusan kwana biyu ne, ladan yana hawa kan uwa a farkon kowane zango, shigarwa da fitarwa kuma sai a bakin zango suke kankama.

Ita ma Ethereum fitarta ba ta da ranar da aka yanke, layi ne. Bayan Pectra ETH 256 kawai ke iya fita a zango, 57,600 a rana. A watan Satumbar 2025 layin ya haura kwana 40. Bayan layin akwai jiran zango 256, kusan awa 27, sannan jiran zagayen shara ya iso kanka. Ban san amfanin jimillar da ba ta gaya wa mai kuɗi wannan ba, a ranar da kasuwa ke gudu.

Tokin ɗin rasit

Yawancin mutane ba su da ETH 32, sai su ba Lido ko Rocket Pool su karɓi tokin a matsayin rasit. Iri biyu ne, kuma kowanne da yadda yake ruɗa manhaja.

Shi stETH, rasit ɗin Lido, adadinsa ne ke ƙaruwa kullum a walat. A ce kana da 10, ladan shekara kashi 3 cikin ɗari bayan Lido ta cire kashi 10 na ladan da take ɗauka. Kullum za a ƙara maka kusan 0.00082, a ƙarshen shekara ka ga 10.3. Babu ko ma'amala ɗaya da ta nuna wannan ƙarin. Manhajar da ke gina lissafi daga tarihin ma'amaloli za ta tsaya a 10 har abada. Ranar da ka sayar da 10.3 sai ta yi ƙorafin gibin 0.3, ta ɗauka ka same shi kyauta, ta lissafa ribar yadda ta ga dama.

Su kuwa wstETH na Lido da rETH na Rocket Pool adadinsu ba ya motsi, darajarsu a kan ETH ce ke hawa. Idan wstETH ɗaya ya kai stETH 1.20, guda 10 ɗinka 12 ne. Duk wanda ya shigar da shi da hannu a matsayin ETH 10 ya zubar da kashi ɗaya bisa shida na dukiyarsa a takarda. Ga waɗannan kuma farashi biyu ne: wanda kwangilar, wato shirin da ke gudanar da tokin ɗin a bulokcen, ta ce za ta biya idan ka bi layin fansa, da wanda kasuwa za ta ba ka yanzu. A watan Yunin 2022, lokacin rikicin kamfanonin kirifto Celsius da Three Arrows Capital, stETH ya sauka ƙasa da ETH da kusan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Ka san wanne manhajarka take amfani da shi. Idan niyyarka sayarwa ce cikin gaggawa, na kasuwa ne naka.

Wanda ya kai rasit ɗin dandalin bashi na Aave ya ci bashi a kansa ya ƙara wani hawa. DeBank da Zerion da Zapper suna karanta irin wannan su cire bashin. Manhajar jerin farashi kamar kundin CoinGecko ko na CoinMarketCap abin da ka rubuta mata da hannu shi ta sani, ba ta san ana binka ba.

Ladan da ake talla da wanda ke shiga aljihu

A ce ana tallar kashi 15 cikin ɗari a shekara, ka jingina ATOM 1,000, sulan Cosmos Hub, mai tantancewa yana ɗaukar kamasho kashi 5 na ladan. Abin da zai iso maka kashi 14.25 ne, ATOM 142.5. Amma idan a wannan shekarar an buga sabbin sulalla kashi 10 cikin ɗari, rabonka a cikin dukkan ATOM ɗin duniya ya ƙaru ne da 1.1425 raba 1.10, kusan kashi 3.9. Sauran duk diyya ce ta ruwan da aka ƙara wa miyar. Manhaja za ta rubuta maka 142.5 da koren launi, ba za ta ambaci wancan ba. Solana ta fara da buga kashi 8 a shekara, tana rage adadin da kashi 15 cikin ɗari kowace shekara har ya sauka 1.5, don haka ladan da ka gani bara ba shi za ka gani baɗi ba. Bambancin APR, ladan shekara zalla, da APY, ladan shekara idan lada yana hawa kan uwa, kuwa ba shi da girman da ake ba shi idan ladan ƙarami ne: kashi 4 da ake tarawa kullum 4.08 yake zama.

Jingina ta hannun dandalin musaya lissafinta ya fi sauƙi, hatsarinta kuma wani iri ne. Abin da kake gani a can alkawarin kamfani ne. Celsius ta rufe cirewa ranar 12 ga Yuni 2022, dandalin musaya na FTX ya shiga fatara ranar 11 ga Nuwamba na shekarar. Idan haɗin manhaja da dandali ya yanke, yawanci adadin ƙarshe da ta gani take ci gaba da nunawa. Ka riƙa duba ranar da kowane asusu ya sabunta.

Me za ka ba manhaja, me ba za ka ba ta ba

Don ta karanta walat, adireshi kawai take buƙata, ka kwafa ka liƙa. Ba ta buƙatar kalmominka 12 ko 24, ba ta buƙatar ka sa hannu a izinin kashe tokin. Wadda ta nemi ɗaya daga cikinsu, ka rufe shafin.

Ga dandalin musaya, makullin API, wato izinin da ke ba manhaja damar shiga asusunka, za ka ƙirƙira na karatu zalla. Ka cire alamar cirewa, ka cire alamar ciniki, idan manhajar ta ba da lambobin IP ɗinta ka taƙaita makullin a kansu, kuma kowace manhaja da nata makullin domin ka iya soke ɗaya ka bar saura. Mutane da yawa suna ɗauka makullin da ba ya cirewa ba ya cutarwa ko da yana ciniki. Waɗanda makullansu suka fita ta 3Commas, kamfanin da ke yi wa mutane ciniki da makullansu, abin da kamfanin ya amsa a watan Disambar 2022, sun koyi akasin haka. Ɓarawo yakan sayi wani tokin da ba a cinikinsa sosai a nasa asusun, ya sa shi a farashin hauka, ya yi amfani da makullinka ya saye shi da kuɗinka. Ba a cire komai daga asusunka ba, amma ya koma tarkace.

Ni ra'ayina kada manhajar bibiya ta zama ma'ajiya. A watan Yunin 2024 an kutsa CoinStats, aka taɓa walat 1,590 da aka ƙirƙira a cikin manhajar, waɗanda aka haɗa don karatu kawai kuwa suka tsira. Blockfolio, wadda a lokacinta tana cikin manyan manhajojin bibiya, FTX ta saye ta a 2020 a kan dala miliyan 150, ta sauya mata suna, ta nitse tare da ita, tarihin da mutane suka shekara suna shigarwa ya bi ruwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauke fayil ɗin CSV daga kowane dandali da kowace manhaja duk wata uku ka ajiye a wurinka.

Akwai kuma sirri. Ranar da ka haɗa walat biyar da imel ɗinka a manhaja ɗaya, kamfanin ya san duka na mutum ɗaya ne kuma ya san nawa ke ciki. Makullin xpub, wanda daga shi ake fitar da adireshin walat, yana tona duk adireshin asusun, na baya da na gaba. Wanda wannan ya dame shi ya duba rotki, wadda lambarta a buɗe take kuma a kan kwamfutarka take ajiye bayanai. Ta fi wuyar saitawa, kuma ba kowane bulokcen ta sani ba.

Daidaita lissafi duk wata

Manhaja ɗaya ba ta iya komai. Haɗin da ke aiki shi ne mai karanta walat kai tsaye, da mai lissafin tarihi kamar Koinly ko CoinTracker idan akwai batun haraji, da jadawalinka na Excel ko Google Sheets mai layi ɗaya ga kowane sulai a kowane wuri da shafi huɗu: na hannu, jingine, ladan da ba a karɓa ba, kan hanyar fansa. Na huɗun ka rubuta ranar da zai iso a gefensa. Alƙali kuwa shafin binciken bulokcen ɗin ne, Mintscan ga Cosmos, Cardanoscan ga Cardano, Solscan ga Solana, beaconcha.in da Etherscan ga Ethereum.

Lissafin da adadin sulalla ake yin sa, ba da dala ba, domin farashi yana ɓoye kuskure. Ga misali. Farkon wata kana da ATOM 1,012 gaba ɗaya, 950 jingine, 50 kan hanyar fansa, 12 a hannu. Cikin watan ka karɓi lada 11.6, gas ya ci 0.02, ka nemi fansar 200, daga baya kuma ka tura wa wani 50 bayan waccan tsohuwar fansar ta 50 ta iso. Abin da ya kamata ka gani shi ne 1,012 a tara da 11.6 a cire 0.02 a cire 50, wato 973.58. Manhaja ta ce 773.58. Gibin 200 cif, kuma gibin da ya zo cif haka ba lada ba ne, ba gas ba ne. Ka buɗe Mintscan, ga shi can a sashen masu jiran fansa: ya bar jingina, bai iso walat ba, manhajar ba ta da aljihun da za ta sa shi. Girman gibi yakan gaya maka tushensa. Ƙaramin gibi mai ƙaruwa kullum lada ne da ba a ƙirga ba. Gibin da ya yi daidai da wani turi da ka yi, turi ne tsakanin walat ɗinka biyu da aka rubuta a matsayin sayarwa, kuma maganinsa ka shigar da duka walat ɗin biyu, ka haɗa fitar da shigar da hannu idan kuɗin gas ya sa adadinsu ya saɓa. Idan ma'amala ɗaya ta fito sau biyu, ka duba ko ka shigo da ita ta API ka kuma shigo da ita ta CSV, ko agogon fayil ɗin UTC ne manhajar ta karanta shi da wani agogon.

Wannan kuskuren na turi ya zama sayarwa ba na ado ba ne inda ake biyan haraji. A Amurka, hukumar IRS ta yanke a 2023 cewa ladan jingina kuɗin shiga ne daga lokacin da mutum ya sami ikon sarrafa shi, a farashin wannan lokacin. Wasu ƙasashe dokarsu daban, amma kusan ko'ina abin da za a nema shi ne rana, adadi da farashin ranar, don haka su ukun ka ajiye ga kowane lada.

Sai tarkace. Wata rana za ka buɗe ka ga dukiyarka ta ƙaru da dala dubu 40 saboda wani tokin da ba ka taɓa saya ba. Kada ka yi ƙoƙarin sayar da shi, kada ka shiga shafin da ke rubuce a sunansa, ka ɓoye shi a manhajar kawai. Tokin ana gane shi da adireshin kwangilarsa, domin kowa na iya ƙirƙirar wani ya sa masa suna USDC. Haka ma turin sifili da ke zuwa daga adireshi mai kama da naka a farko da ƙarshe: tarko ne na wanda ke kwafar adireshi daga tarihi. Sauyin suna shi ma yana karya lissafi. Bayan rushewar Terra tsohon LUNA ya koma LUNC, sabon sulai ya ɗauki sunan LUNA, kuma duk manhajar da ta lissafa miliyoyin tsohon da farashin sabon ta mayar da talakawa attajirai na ɗan lokaci. MATIC ya koma POL a watan Satumbar 2024, ɗaya da ɗaya. Idan manhajarka ta nuna MATIC ya ɓace POL ya faɗo daga sama, ka haɗa su a matsayin sauyin suna, ka tabbatar farashin sayenka na asali da ranarsa sun bi POL ɗin.